Gyaran ɗigon bututun jan ƙarfe a banɗakin Mma, Aboabo, Kumasi

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Tun makon jiya Mma ke cewa ɗakinta yana wari kamar tabarmar da ta kwana a ruwa. Yau ban fita shago da wuri ba, na janye akwatin kayanta, sai ga fentin bango ya kumbura, tabo faɗin faifai, taku ɗaya daga ƙasa. Bayan bangon nan banɗakinta ne. Na zagaya na durƙusa da tocila.

Bututun da ke kai ruwan sanyi cikin hita jan ƙarfe ne mai milimita 15. Ya taho kwance daga tankin tsakar gida, ya wuce wani tsohon makullin ruwa, ya yi gwiwa, ya miƙe sama zuwa hitar. A bakin gwiwar na sama akwai ɓawo kore-kore da fari, kamar gishirin da ya bushe. Na goge da tsumma na jira. Ɗigo ɗaya duk daƙiƙa goma, yana bin bayan bututun yana shiga siminti, shi ya sa ba wanda ya gan shi a ƙasa.

Marigayi Baba ne ya sa aka ja wannan bututun lokacin da cinikin goro ke ci, kafin a haife ni. Sauran gidan duk an mayar da shi roba, wannan layin kaɗai ya rage.

Da la'asar na kira mai gyaran famfo. Ya duba, ya ce shi ba ya liƙin jan ƙarfe, a cire duka a sa koren bututun roba da ake kira PPR, sidi 2,800 da fasa bango. Ban ga laifinsa ba, abin da hannunsa ya saba ke nan. Amma bututun lafiya lau yake, baki ɗaya ne ya saki. Ni kuma shekara goma sha huɗu ina liƙin wayar salula a Adum. Zan gwada.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na yanko robar cikin tayar keke na naɗe gwiwar tam, na ajiye gwangwanin madara a ƙasa. Daga isha'i zuwa asuba ya cika. Da yayyafi kogi kan cika.

Laraba, 15 ga Janairu

Robar ta rage ɗigon, ba ta tsayar ba. Ruwan ya samu hanya ta ƙarƙashinta.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na ɓata aiki, kuma zan rubuta yadda aka yi dalla-dalla don kada in sake.

Jiya na sayi kan wuta irin wanda ake ɗaurawa a gwangwanin gas, sidi 140, da gwangwani ɗaya, sidi 40. Na ɗauko dalmar liƙi daga shago, irin wadda nake aiki da ita kullum. Na kashe wutar hita, na rufe tsohon makullin, na kwance robar, na ɗan kankare ɓawon da wuƙa, na kunna wuta a kan gwiwar.

Minti ɗaya, biyu, uku. Ina taɓa dalmar a bakin, ba ta narke. Cikin bututun sai ƙara yake kamar butar shayi ta kusa tafasa. Da na gaji sai na sa dalmar a cikin harshen wutar kai tsaye. Ta narke, ta dunƙule kamar ƙwayar gero, ta gangaro ta faɗi ƙasa. Wadda ta tsaya a jiki kuwa, da farce na ɓamɓare ta bayan ta huce. Na ƙone gas rabin gwangwani, na baƙanta tayil biyu. Da na buɗe makulli, ɗigon da ke zuwa duk daƙiƙa goma ya koma duk daƙiƙa uku, domin zafin ya ƙara sassauta tsohon liƙin.

Da dare na zauna na yi lissafin abin da na sani tun ina yaron shago. Dalmar waya, mai kashi 60 kuza kashi 40 dalma mai guba (lead), tana fara narkewa a digiri 183. Ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma muddin akwai shi a cikin bututu, bututun ba zai wuce nan da nisa ba, duk zafin da ka zuba ruwan ne ke shanye shi ya zama tururi. Ga jan ƙarfe da saurin kwashe zafi ya watsa shi gaba. A waya ina ɗumama abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Nan kuwa ƙarfe ne mai kauri cike da ruwa.

Na mayar da robar, na sa bokiti maimakon gwangwani.

Litinin, 20 ga Janairu

Bayan magariba na tare wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallacin layinmu. Kowa Masta yake ce masa. Shekarunsa na ƙarfi a aikin famfo ya yi su, a gidajen Nhyiaeso da Ridge, lokacin da jan ƙarfe ake ja. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya ajiye kayan aiki. Na ba shi labari tun daga farko.

Ya ce, "Ɗana, ka buɗe gwiwar?"

Na ce, "A'a, Masta, ta waje na bi."

Ya ce, "To wanka ka yi wa mutum da rigarsa a jiki. Liƙin da ke riƙe ruwa a ciki yake, tsakanin bututu da gwiwa. Abin da kake gani a waje shaida ce kawai cewa ciki ya cika."

Ya yi mini bayani muna tafe zuwa ƙofar gidansa. Ratar da ke tsakanin bututu da bakin gwiwa ba ta wuce kaurin takarda ba. In ƙarfen biyu suna da tsabta kuma sun yi zafi, narkakkiyar dalma da kanta take shiga ratar, har ta hau sama, yadda lagwani ke jan kananzir. Amma wurin da ya shekara yana ɗigo ya riga ya yi tsatsa da datti a ciki, dalma ba ta kama datti ko za ka ƙone gas ɗin Kumasi duka. Sai an raba, an goge har ya yi ƙyalli, an busar, an shafa man liƙi.

Sannan ya tambaye ni wace dalma na sa. Da na faɗa masa sai ya tsaya cak. Ya ce wannan layin ba shi ne ke da reshe zuwa famfon da Mma ke ɗibar ruwan koko ba? Shi ne. Ya ce in nemi wadda ba dalma mai guba a cikinta ko kaɗan, kuza zalla da ɗan jan ƙarfe.

Wannan ya dame ni fiye da ɗigon. Na san guba ce, ina wanke hannu kafin in ci abinci a shago, amma ban haɗa ta da ruwan sha ba. Amurka ta hana liƙa bututun ruwan sha da ita tun 1986, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba wani gwargwadonta da aka sani mai aminci a jikin mutum, yara ƙanana kuma sun fi cutuwa. Ina da 'ya'ya uku a gidan nan. Alhamdu lillahi da wadda na sa ba ta kama ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kwana biyu ina yawon nema da rana. A Kejetia duk wanda na tambaya dalmar rediyo yake miƙo mini. A Adum, cikin masu kayan gini, na samu naɗi ɗaya da aka rubuta 99.3 kuza, 0.7 jan ƙarfe. Irin wannan sai digiri 227 take narkewa, wato ta fi wadda na saba son wuta. Sidi 260. Man liƙi na bututun ruwa 75, samfefa 10, abin yankan bututu mai ƙaramar ƙafa 95, gwiwa huɗu 120, soket, wato miƙaƙƙen mahaɗin bututu, uku 75. Gas ɗaya kuma, 40.

Asabar, 25 ga Janairu

Rufe tanki yana nufin yanke wa 'yan haya ɗaki biyar ruwa, don haka tun daren jiya uwargida ta bi su ɗaki-ɗaki kowa ya tara nasa. Muka yi da su daga hantsi zuwa azahar.

Na kashe wutar hita daga akwatin mita, don in ta kama babu ruwa a ciki ƙarfen ɗumamarta zai ƙone. Na rufe tanki. Na kwance notin da ya haɗa bututu da hitar na tare ruwanta a bokitai, lita 50, aka kai wa masu wanki. Na jingina wani tsohon kwanon rufi tsakanin bututu da bango, bokitin ruwa a gefena, tukunyar gas ta girki kuma na sa an fitar da ita daga lungun.

Na zuƙe ruwan da ya kwanta a gwiwar da siririn tiyo. Wannan karon cikin ƙasa da minti ɗaya tsohon liƙin ya yi ƙyalli ya saki. Na kama da filaya na murɗa, gwiwar ta fito.

Abin da na gani ya sa na daɗe a durƙushe. Bakin gwiwa zurfinsa kusan santimita ɗaya ne, amma bututun sama rabin haka kawai ya shiga, an yanke shi gajere tun farko. A ɗan abin da ya shiga ɗin ma, gefen da ke kallon mutum fari ne sol da dalma, gefen bango kuwa baƙi ƙirin, siffar jinjirin wata, dalma ba ta taɓa zuwa wurin ba. Wanda ya yi aikin ta gaba kawai ya ba shi wuta. Wani siririn zare na dalma a leɓen baki, shi ya riƙe ruwa shekara arba'in da wani abu. Tun ran gini ran zane. Na kai wa Masta gwiwar, ya shafa da ɗan yatsa ya ce ko bai gani ba ya ji.

Na kuma gano abin da ya ƙarasa shi. Babu abin da ya riƙe bututun a bango, yara kuma a kansa suke rataye bokiti.

Matsala biyu sababbi. Bututun sama ba zai kai ba, sai na ƙara masa guntu. Kuma tsohon makullin ba ya rufewa duka: ko da tanki a rufe, ruwan da ya rage a dogon layin yana tsiyayowa nan, don nan ne wuri mafi ƙasa. Azahar ta yi. Na cusa guntun tiyo a bakin bututun kwance, na lanƙwasa shi, na ɗaure da waya, na buɗe wa mutane ruwa.

Mma ba ta da ruwan zafi daga yau. Ga hunturu, asuba da sanyi. Uwargida za ta riƙa ɗora mata a kurfoti.

Litinin, 27 ga Janairu

Asara. Na je wurin masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki na ce a ba ni bututun jan ƙarfe mita ɗaya, na nuna girman da yatsa. Sidi 90. Na zo gida, ya ƙi shiga gwiwa. Na auna: nasu da inci suke lissafi, wannan biyar bisa takwas ne, milimita 15.9. Nawa 15. Abin da bai kai milimita ɗaya ba ya raba mu. Na ƙasa da shi kuma rabin inci ne, 12.7, zai yi lilo a ciki. An riga an yanka, ba a mayarwa. Laifina ne, gwiwar tana aljihuna ban fito da ita ba.

Ɗaya daga cikinsu ya ce ya zo ya yi mini da sandarsu da wutar iskar gas biyu. Na gode masa na ƙi. Sandarsu sai zafi ya haura digiri 600, a lungun da bai fi faɗin tabarma ba, tayil a baya, ga makulli mai roba a kusa.

Laraba, 29 ga Janairu

Dagomba Line, wajen masu gwangwan. Na tafi da gwiwa a hannu ina gwadawa. Na samu tsohon bututun ruwa mita ɗaya da rabi, miƙaƙƙe, bai lotse ba, sidi 60. Na wanke cikinsa da ruwan zafi da tsumma a kan waya har tsumman ya daina fitowa da launi.

Alhamis da Juma'a, 30 da 31 ga Janairu

Gwaji a tsakar gida bayan isha'i, a kan bulo biyu. Masta ya zo ya zauna a kujera da goronsa, ɗana babba yana riƙe tocila. Gwiwa biyu da soket biyu, baki takwas.

Na fari na cika wuta. Man liƙin ya yi baƙi, ya yi hayaƙi, ƙarfen ya koma shuɗi-shuɗi, dalma ta ƙi shiga. Masta ya ji warin ya ce, "Ka ƙone man. Shi ke share wa dalma hanya, in ya ƙone ƙarfen ya sake yin duhu." Na biyu na yi rowar wuta, ta tsaya a leɓe.

Daga na huɗu hannuna ya fara ganewa. A yanka daidai, a kankare leɓen ciki da abin yankan ya tura. A goge bakin bututu da cikin gwiwa da samfefa har su yi kalar sabon kwabo, kada yatsa ya sake taɓawa. Man liƙi shafa ɗaya, siriri. A tura bututu har ya dungure. Wuta a jikin gwiwa, ba a kan dalma ba, ana zagayawa da ita. Man zai fara tsuwa. A janye wuta, a taɓa dalmar a gefen da wutar ba ta kai sosai ba. In zafi ya isa, sai ka ga ta ɓace daga hannunka, ta shige, wani farin zobe ya zagayo bakin. Ga bututun 15, dalma tsawon santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa. Abin da ya wuce haka cikin bututu yake zuba.

Na tsaga uku da zarto a tsaye na buɗe su da filaya. Na biyu rabinsa jan ƙarfe tsirara, irin na gwiwar Baba sak. Na shida da na takwas fari fat ciki da waje. Na miƙa wa Masta, ya shafa, ya ce, "Gobe ka shiga."

Gas na uku, 40.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An rufe tanki ƙarfe tara. Bututun sama tunda na riga na kwance shi daga hita, na fito da shi waje na yanke santimita 20 daga ƙasansa, na liƙa masa sabon guntu da soket a kan bulo, inda nake da sarari. Wannan karon na auna sau biyu, na yi alama da fensir inda gwiwa za ta tsaya.

Saura bakin bututun kwance, mai tsiyaya. Na ɗumama shi na share tsohuwar dalma da busasshen tsumma, na goge da samfefa. Ina gamawa ɗigo ya sake leƙowa. Nan dabarar Masta ta yi amfani: tsakiyar burodi fari, ban da ɓawon, a dunƙule a tura ciki da fensir kamar tsawon yatsa. Yana shanye ruwan na ɗan lokaci, daga baya ruwa ya narkar da shi.

Karon farko ban yi sauri ba. Na tsaya gyara kwanon rufin, na tsaya daidaita bututun sama, kafin in kunna wuta burodin ya jiƙe. Na ji ƙarar nan ta butar shayi, tururi ya fito ta sama, dalma ta tofo waje. Na kashe wuta nan take. Raina ya ɓaci ƙwarai, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, wata 'yar haya ta riga ta leƙo sau biyu. Na ciro gwiwar na ajiye, na ɗauko ta ƙarshe da ta rage.

Na sake gogewa daga farko. Na shirya komai a hannun dama, na shafa mai, na kunna wuta na ba ɗana ya riƙe nesa da bango, sannan na tura sabon burodi, dunƙule biyu. Gwiwa, bututun sama, wuta. Na fara da bakin ƙasa, na karkata harshen wutar ta bayan gwiwar, gefen da aka manta da shi tun zamanin Baba. Dalma ta shige. Na hau bakin sama tun ƙarfen na da zafi, ita ma ta shige. Na sa ɗan madubin shago a baya: zobe ya haɗe, duka biyun.

Ban zuba masa ruwa ba, ban taɓa shi ba, minti goma. Sannan na goge ragowar man da jiƙaƙƙen tsumma, don in an bar shi shi ke cin ƙarfe ya yi kore. Kafin in haɗa hita na sa tiyo a saman bututun zuwa bokiti, aka buɗe tanki. Ya yi tari sau biyu, ya amayo burodin kamar kunu, sannan ruwa garau. Na bar shi ya zuba bokiti uku. Na ɗaure noti, na cika hitar har famfon zafi ya daina fitar da iska, sannan na kunna mata wuta.

Na naɗa takardar goge hannu a gwiwar. La'asar, a bushe. Isha'i, a bushe.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Da asuba na ga ɗigo a ƙasa, gabana ya faɗi. Takardar gwiwa a bushe take. Daga wuyan tsohon makulli yake, yawan murɗawar kwanakin nan ya sassauta shi. Na ƙara wa notin wuyan kwata da sifana, ya tsaya.

Mma ta yi alwala da ruwan ɗumi. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ta sa aka kai wa Masta koko da ƙosai.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Famfon wanke hannu ya rage ƙarfi. Guntun burodi ne a ragar bakinsa. Na kwance na wanke.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Maƙalai huɗu a bango, sidi 20, bututun ba ya motsi yanzu. Na buga ƙusa a gefe domin bokiti, na nuna wa yara. Na kai wa Masta goro da sidi 50. Ya karɓi goron, kuɗin sai da na haɗa shi da Allah.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mako uku, takarda a bushe. Tabon ɗakin Mma ya ja baya daga gefe, tsakiyarsa har yanzu da sanyi in ka ɗora tafin hannu. Na kankare fentin da ya kumbura na bar simintin a buɗe, akwatin kuma nesa da bango. Ba zan yi fenti ba sai ya bushe sarai, ko da zai kai bayan salla.

Abin da na kashe duka sidi 1,115, har da 90 na bututun da bai yi ba, ban da kuɗin pragya, wato keke mai ƙafa uku. Kan wuta da abin yanka suna nan, dalmar ko kwata ban ci ba.

Na ƙirga sauran mahaɗan layin, tara ne, kuma na zamanin Baba ne, da wuya a ce ba dalma mai guba aka sa musu ba. Na gaya wa uwargida duk safiya a bar famfon ya zuba kamar minti ɗaya a bokitin wanki kafin a ɗebi na sha, kuma kada a yi girki ko kunun yaro da ruwan hita. Uku daga cikin taran suna kan reshen famfon Mma, su zan fara sakewa, ɗaya-ɗaya.

Kafin nan makulli. Na ga irin mai hannu da ake juyawa kwata, mai noti da zobe a kowane gefe, ba ya buƙatar wuta. Na yi magana da 'yan haya, Talata da hantsi za a rufe tanki, don in gama kafin azumi ya kama.